Uwaye sun yaba da lakol, amma yaro ya iya karatu?

Jawabi zuwa ga uwayen yara, domin a karanta shi cikin cibiyoyin yaƙi da jahilci

 

Maganar yau ta lakol ce, lakol ta gomnati da ke cikin gari, wadda yara ke zuwa kowace safiya da allo da alli a hannu.

In aka tambayi magidanci: "Yaya lakol ta garinku?" sau da yawa sai ya ce: "Alhamdu lillahi, ba laifi." In aka ce masa: "Mi ka gani?" sai ya ce: "Malam yana zuwa. Yana gaida mutane. Ba ya dukan yara da yawa. An yi ajin siminti. Ɗana kuma yana cin gaba, bana yana aji 4."

Duka wannan abin murna ne. Amma akwai tambaya guda da ta rage. Yaron nan da ke aji 4, in aka ba shi takarda, yana iya karanta ta? In aka aike shi kasuwa, yana iya lissafin canji?

Manomi ya san wannan magana tun daga gona. Hatsi yana iya yin tsawo, ganye ya yi kore shar, mai wucewa ya ce: "Kai, wane ya yi gona!" Amma mai gona ba ya murna sai ya ga zangarniya ta yi ido. Ba ya cewa ya samu sai ya ƙirga dammuna a bakin rumbu. Haka lakol take. Gini da tuta da layin yara su ne ganye. Karatu da rubutu da lissafi su ne zangarniya.

LABARIN WANI MAGIDANCI

Ga wani misali. A ce wani magidanci ne a wani ƙauye, yana da ɗa a aji 5. Shekara 5 ke nan bai aiki yaron kiwo da safe ba. Shekara 5 yana saya masa kaye da bik. Kowane dare yana jin yaron yana rera Faransanci da ƙarfi, sai ransa ya yi fari. Yakan ce wa maƙwabta: "Ɗana ya zama bature."

Sai aka buɗe cibiyar yaƙi da jahilci a garin. Magidancin ya shiga. Bayan wata 4 ya san haruffa, ya fara haɗa kalma. Ran nan ƙanensa da ke ci-rani ya aiko da saƙo a salula, da Hausa. Magidancin ya kira ɗansa ya ce: "Zo ka karanta mani, kai ka fi ni sauri."

Yaro ya karɓi salula. Ya duba, ya duba. Ya faɗi harafi 2, ya tsaya. Ya sunkuyar da kai.

Uban ya ce: "To, wataƙila don Hausa ce. Ɗauko littafinka na lakol." Yaro ya ɗauko, ya buɗe shafin farko, ya karanta shi tsaf ba tuntuɓe. Uban ya lura idon yaron ba ya bisa takarda. Sai ya buɗe tsakiyar littafi, ya sa yatsa bisa wata kalma, ya ce: "Wannan fa?" Yaro ya yi shiru.

Ashe hadda ce. Shekara 5 yaro yana maimaita abin da kunnensa ya ji.

Daren nan magidancin bai yi barci ba. Ya yi hasara biyu: yaro bai koyi kiwo da noma yadda ya kamata ba, karatun ma bai samu ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, duka shekarun nan shi da bakinsa yake cewa: "Lakol ba laifi."

Za a dawo ga wannan magidanci a ƙarshen jawabi.

ABIN DA AWO YA NUNA

Kada wani ya ce wannan tatsuniya ce. An yi awo, an gani.

Akwai wata babbar jarrabawa ta gwaji da ake kira PASEC. Ministocin ilimi na ƙasashen da ke aiki da Faransanci su ne suka kafa ta. Ana zaɓen makarantu cikin birni da karkara, a gwada yara a farkon firamare da ƙarshenta.

A shekara ta 2014 an yi wannan awo cikin ƙasashen Afirka 10. A Nijar, cikin yara 10 da suka kai aji 6, wanda ya iya karatu yadda ake bukata bai cika yaro 1 ba. Lissafi ma haka. Nijar ce ta zo baya.

A shekara ta 2019 aka sake awo cikin ƙasashe 14. An samu ci gaba. Cikin yara 10 na aji 6, kamar 3 suka kai matsayin da ake so a karatu, kamar 2 a lissafi.

A nan akwai darasi biyu. Na farko: abu yana gyaruwa in an tashi tsaye, tunda cikin shekara 5 an ga bambanci. Na biyu: ko a 2019, cikin yara 10 da suka yi shekara 6 a lakol, 7 ba su kai ba. Waɗannan yara 7 suna da uwaye. Da yawa cikin uwayen nan ba su sani ba.

DOMMI UBA KE YABAWA ALHALI YARO BAI IYA BA?

Dalili na farko: uba yana auna abin da idonsa ke gani. Yana ganin gini, yana ganin malam. Abin da ke cikin kan yaro ba ya ganuwa daga bakin hanya.

Dalili na biyu: hadda. Yaro yana da kaifin kunne. In aji duka suka maimaita jimla sau 20, kowa zai riƙe ta. Mai saurare daga waje sai ya zaci karatu ne.

Dalili na uku: wuce aji. Sau da yawa yaro yana wucewa aji na gaba don shekara ta ƙare, kuma ƙanana suna jiran wuri. Lambar aji tana faɗin shekarun da yaro ya yi. Ba ta faɗin abin da ya sani.

Dalili na huɗu: matsayi cikin aji. Yaro ya zo gida ya ce: "Baba, na zo na 3." Uba ya yi murna. Amma na 3 cikin su wa? In aji duka ba su iya ba, na ɗaya ma bai iya ba.

Dalili na biyar: kunya. Mutumin karkara yana girmama malam. Yana cewa: "Ni da ban yi boko ba, ina ni ina tambayar malam?" Sai ya yi shiru, ya ce komi lafiya.

Wannan dalili na biyar shi ne cibiyar yaƙi da jahilci ta zo ta kawar. Wanda ya san haruffa da lambobi ya samu mudun awo a hannunsa. Gani ya kori ji.

GWAJI HUƊU DA KOWA KE IYA YI A GIDA

Wani zai ce: "Ni Hausa na koya a cibiya, yaro kuwa Faransanci ake koya masa." Gaskiya ne. Amma yawancin haruffan iri ɗaya ne. Lambobi kuwa duka ɗaya ne. Saboda haka uba ko uwa da suka yi wata kaɗan a cibiya suna iya wannan gwaji.

A zaɓi lokacin da yaro ya ci abinci, ya huta. A zauna bisa tabarma, ba tare da taron mutane ba. A ce masa wasa ne.

Gwaji na 1: haruffa. A rubuta haruffa 10 a ƙasa ko bisa allo, a barkatai, ba a jere ba. A nuna ɗaya-ɗaya. Yaron da ya ƙare aji 1 ya kamata ya san su.

Gwaji na 2: kalmomi. A buɗe littafinsa a tsakiya. A sa yatsa bisa kalma guda, a ƙasan shafi, sa'an nan wata a sama. In yana karatu na gaskiya zai faɗe su. In hadda ce, zai nemi ya koma farkon layi.

Gwaji na 3: fahimta. A ba shi layi 4 ko 5 da bai taɓa gani ba, ya karanta. Sa'an nan a ce: "To, faɗa mani da Hausa, mi aka ce a nan?" Wannan shi ne babban gwaji. Yaron da ya kai aji 4 ya kamata ya iya bayyana abin da ya karanta. A ba shi wannan jarida ma ya gwada. Haruffa masu ƙugiya, kamar ɓ da ɗ da ƙ, za su ba shi wuya da farko, sai a nuna masa.

Gwaji na 4: lissafi. A ba shi lissafin kasuwa. Misali: mace ta sayi tiya 3 ta hatsi, a ce kowace tiya dala 100. Ta ba mai awo jikka 2. Nawa ne canjinta? Amsa: dala 100. A tuna, a lakol da tamma ake lissafi, a kasuwa kuwa da dala. Dala 1 tamma 5 ce. Jikka 1 dala 200 ce, watau tamma 1000. Yaron aji 5 ya kamata ya iya juya wannan zuwa wancan, ya kuma rubuta shi.

Wannan gwaji ba ya cin ko dala. Ba ya wuce rabin awa. A yi shi sau 3 a shekara: lokacin kaka da aka buɗe lakol, tsakiyar ɗari, da bazara kafin a rufe.

IN YARO YA KASA

In yaro ya kasa, kada a buge shi. Kada a kira shi daƙiƙi gaban ƙannensa. Yaron da aka tsorata ba ya koyo, sai dai ya ƙara ɓoyewa. Kada kuma a ɗauki sanda a nufi gidan malam. A zauna tukuna a nemi inda ruwa ke shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wuri na farko da za a duba shi ne gida. Lakol tana buɗewa a watan Oktoba, tana rufewa a watan Yuni. Wata 9 ke nan. Amma Oktoba lokacin girbi ne. Yara da yawa ba su shiga aji sai an gama ɗaurin hatsi da roron wake. In bazara ta zo kuma a janye su sharar gona da shuka. Wata 9 ya koma 7 ko 6.

Ga kuma ranar kasuwa. Ana karatu kwana 5 a mako. Yaron da ake tura wa kasuwa kwana 1 kowane mako ya rasa kashi 1 cikin 5 na karatunsa. Cikin shekara 6 ya rasa fiye da shekara guda cur. Uban da ya yi haka, shi da kansa ya cire wa ɗansa aji guda.

Wuri na biyu shi ne ciki. Yaron da ya fita da safe bai sha ko kunu ba, kafin hantsi idonsa ya rufe. Ragowar tuwon dare ko ɗan ludayin fura ya isa ya riƙe shi.

Wuri na uku shi ne ido da kunne. Wani yaro ba ya ganin allo daga baya. Wani ba ya ji sosai saboda ciwon kunne. Ba ya faɗi, don bai san sauran yara sun fi shi gani ba. A kai shi likita, a kuma roƙi malam ya zaunar da shi gaba.

Wuri na huɗu shi ne harshe. Yaro ya tashi da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci, ko Zabarmanci. Ran da ya shiga aji sai ya ji wani harshe da bai taɓa ji ba. Ana so ya koyi harshen, ya kuma koyi karatu, duka lokaci guda. Kaya biyu ne bisa kai ɗaya. An daɗe da sanin wannan wuya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da Faransanci da harsunan ƙasa. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Abin da uwaye ke iya yi tun yau shi ne su bar yaro ya zauna kusa da su lokacin da suke bitar darasin cibiya. Yaron da ya gane yadda haruffa ke haɗuwa cikin harshen uwarsa, ya samu mabuɗi. Zai buɗe ƙofar Faransanci da shi.

Wuri na biyar shi ne aji. Wani malam yana da yara masu yawan gaske shi kaɗai. Wani yana riƙe da aji 2 lokaci guda. Wani ba shi da littafi isasshe. Wani kuma, gaskiya ce, yana yawan tafiya. Duka waɗannan sai an haɗu ake gyara su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

GINI MA YANA DA NASA HAKKI

Kada a ɗauka an ce gini banza ne. Uwayen da ke neman ajin ƙwarai suna da gaskiya. Ba a manta ba: ran 13 ga Afirilu 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata lakol a Yamai, yara 20 aƙalla suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar nan, irin wannan ta faru a Maraɗi, yara 25 aƙalla suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba uwayensu haƙuri.

Saboda haka garin da ke da ajin zana ya kula ƙwarai. A bar tazara tsakanin rumfa da rumfa. A yi ƙofa mai faɗi, in da hali biyu. Kada a hura wuta kusa. Masu tuya su ja nesa. In gari ya samu ikon yin ajin ƙasa ko na siminti, ya yi.

Amma in an gama gini, aiki bai ƙare ba. Rumbu mai kyau ba ya cika kansa.

KWAMITIN LAKOL

Lakol ta gomnati tana da kwamiti na gari. Da farko ana kiran shi COGES. A 2012 aka canza masa suna ya koma CGDES, amma mutane da yawa Kojes suka saba cewa. A cikinsa akwai wakilan uwaye maza, da wakiliyar uwaye mata, da darakta, da malamai.

A 2004 aka fara wani aiki a jahar Tawa, tare da taimakon ƙasar Japan, mai suna "Lakol don kowa". Aikin ya tsaya bisa abu uku. Jama'a su zaɓi wakilansu da ƙuri'a ta asiri, don kada a ba mutum kujera saboda kunya. Gari duka ya taru ya tsara aikin shekara. A ƙarshe a dawo a faɗi abin da aka yi da kuɗin da aka kashe. A 2007 aka baza wannan tsari ko'ina cikin ƙasa.

A shekarar karatu ta 2007-2008 an yi wani gwaji a jahohin Tawa da Damagaram. An ɗauki makarantu 1000. Aka ba kwamitocin 500 kuɗi a hannu, 500 ba a ba su ba, don a ga bambanci. Mi ya faru? Inda aka ba da kuɗi, uwaye sun ƙara himma. Sun yi gyare-gyare, sun ƙara zuwa taro, ƙananan yara sun ƙara zama lakol. Amma da aka duba sakamakon jarrabawar yara, ba a ga ya ƙaru ba.

Bayan shekaru aka sake wani gwaji a Nijar. Wasu kwamitoci aka ba su kuɗi kaɗai. Wasu aka ba su kuɗi, aka kuma koya masu yadda za su gwada yara, su faɗa wa gari sakamako, su tsara aiki bisa abin da suka gani. Na biyun nan su ne karatun yaransu ya ƙaru.

Ma'ana a fili take. Himmar uwaye tana da amfani, amma sai ta san inda ta dosa. Kuɗi ba su koya wa yaro harafi. Garin da ya san yara nawa suka iya, yara nawa ba su iya ba, shi ne ke sa ƙarfinsa inda ya dace.

To, a babban taron lakol na gaba, bayan an gama zancen katanga da rijiya da kuɗin alli, wani ya tashi ya yi tambaya 3:

Yara nawa ne cikin kowane aji suka iya karanta layi 4?

Kwana nawa aka yi karatu tun da aka buɗe lakol, kwana nawa aka rasa?

Waɗanda suka rage baya, mi za a yi masu, wa zai yi, yaushe?

A rubuta amsa bisa babban allo, kowa ya gani. Ba a faɗin sunan yaro gaban jama'a. Lamba kaɗai ake faɗi. Bayan wata 3 a sake taro, a sake rubutawa, a gwada da na farko.

Garuruwa da yawa sun yi abin da ke biye. Sun raba yara bisa ga abin da suka iya: masu neman haruffa gefe guda, masu haɗa kalma gefe guda, masu karanta labari gefe guda. Sun sa awa guda da marece, ko ranar da ba a lakol. Sun nemi samarin gari da suka yi kwaleji su taimaki malam. Sun haɗa kuɗin fitila don karatun dare. Wannan ba ya bukatar jiran kowa daga birni.

YADDA AKE MAGANA DA MALAM

Malam baƙo ne a gari, ya baro danginsa. In aka zo masa da faɗa, zai rufe bakinsa, wataƙila ya nemi a canza masa wuri. A gwajin nan na Tawa da Damagaram an lura da wani abu: inda uwaye suka matsa wa malamai da sa ido, fashin malamai bai ragu ba, har ya ɗan ƙaru. Tsaro kaɗai ba ya gyara aiki.

Ga yadda ya fi. Uba ya je bayan an tashi, ya yi sallama, ya gaida malam da aiki. Ya ce: "Malam, na gwada yaron nan a gida, na ga haruffa suna ba shi wuya. Mi ka gani a wurinka? Mi zan yi in taimake ka?"

Malamin kirki zai ji daɗi. Zai ce: "Baba, na gode da ka zo. Ka riƙa turo shi da wuri. Ga shafin da zai bita kowane dare." Daga nan sun zama abokan aiki.

Gari kuma ya riƙe malaminsa da kyau: ɗaki mai kyau, ruwa, mutunci. In duk da haka fashi ya yi yawa, kwamiti ya yi magana da darakta. In bai gyaru ba, a kai maganar ga sufeton makarantu, a rubuce, da kwanakin da aka rasa. Wanda ya iya rubutu a cibiya, ga ranar amfaninsa.

ƳAN MATA

Gwajin nan na gida, a yi wa ɗiya mace kamar yadda aka yi wa namiji. Sau da yawa ita ce ke zuwa lakol a makare, don sai ta ɗebo ruwa, ta yi shara. Ita ce ke ɗaukar talla da marece lokacin da wanta ke bita. In ta rage baya sai a ce: "Ba ta da kai, a cire ta." Alhali lokaci ne ba a ba ta ba.

Ran 5 ga Disamba 2017 gomnati ta sa hannu bisa wata doka ta kare ɗiya mace da ke karatu, don a taimake ta ta zauna lakol har shekara 16. Doka tana takarda. Mai cika ta uwa ce da uba. Uwaye mata da ke cibiya su ne suka fi kusa da yara da dare. Uwa ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko nata allo, ɗiyarta ta ɗauko nata. Fitila ɗaya ta ishe su.

ƘARSHEN LABARIN MAGIDANCI

A koma ga magidancin nan. Da gari ya waye, zuciyarsa ta ce ya cire yaro daga lakol, ya ba shi sanda ya bi awaki. Matarsa ta ce: "Malam, ka yi haƙuri. Je ka ga malaminsu tukuna."

Ya je. Ya yi magana da ladabi. Malam ya ce: "Baba, ba ɗanka kaɗai ba ne. Na daɗe ina son wani ya tambaye ni." Aka kira taro. Aka gwada yara duka. Da aka rubuta lamba bisa allo, wuri ya yi tsit. Wasu suka ji haushi, wasu suka ji kunya. Maigari ya ce: "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda an gani, sai a gyara."

Suka sa karatun marece. Suka yi alkawari ba mai tura ɗan lakol kasuwa ranar karatu. Magidancin da ɗansa suka riƙa zama da dare, uba yana nuna wa ɗa yadda "b" da "a" ke zama "ba". Yaro ya ji kunya kwana 2, daga nan ya saki jiki. Kafin damana ta faɗi, ƙanen nan ya sake aiko da saƙo. Yaro ya karanta shi a hankali, kalma-kalma, har ƙarshe.

Ran nan in aka tambayi magidancin: "Yaya lakol?" in ya ce "Alhamdu lillahi", ya san abin da yake faɗi.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron aji 2 da bai san haruffa ba, wata kaɗan ya isa a gyara shi. Na aji 6 ya fi wuya. Kowa ya gwada nasa cikin wannan mako, kada a jira ƙarshen shekara.

TAMBAYOYI DON MUHAWARA A CIBIYA

1. Cikin masu zuwa wannan cibiya, mutum nawa ke da yaro a lakol? Nawa suka taɓa sa shi ya yi karatu gabansu?

2. Wane wata ne yaran garin nan suka fi fashin lakol? Mi ke kawo haka?

3. Su wa ke cikin kwamitin lakol? Yaushe aka yi babban taro na ƙarshe?

4. Wa zai iya taimakon malam da karatun marece?

Mai koyarwa ya rubuta amsoshi, a kai wa daraktan lakol da maigari.

Allah ya raya yara, ya ba su ilimi mai amfani.